Hikayar Budurwa da Saurayin da Ba A Taɓa Shi

 Wanga bayani ne zuwa ga malamai masu almajirai, da fatake, da masu rumfa a kasuwa, na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, a kan wani ɗan littafin hikaya da aka yi domin 'yan mata a ƙasar Japan.

Babu ɗan kasuwar da bai san Japan ba ta wajen kayanta. Babur ɗin Honda da na Yamaha da na Suzuki, da motar Toyota da ke jigilar buhuna tsakanin Tambuwal da Jega da Sakkwato, duk sunayen can ne. Amma mutanen nan suna da wata haja dabam wadda ba ta biyowa ta hannun kwastan, ba a kuwa sauke ta a tasha. Sunanta manga, watau labarin da ake bayarwa da zane. Akan raba shafi gida-gida kamar hatimi, a kowane gida a zana mutane da abin da suke aikatawa, maganarsu kuwa a rubuta ta cikin 'yar da'ira kusa da bakinsu. Galibi baƙi da fari ne, babu launi. Abin da zai ba almajiri mamaki shi ne daga dama ake buɗe littafin, daga dama kuma ake bin gidajen zuwa hagu, kamar yadda ake bin allo da ajami. Sun kasa sana'ar kashi-kashi bisa ga masu saye, akwai ta samari, akwai ta manya, akwai kuma ta 'yan mata wadda suke kira shojo. Littafin da za a yi magana a kansa na wannan kashi ne.

Mai karatu yana iya cewa, to ina ruwan mutumin Jabo ko na Kuchi da hikayar Japanawa? Ruwansa yana cikin aljihun ɗiyarsa. Uba ya sayi wayar hannu ya ba yarinya don a riƙa jin lafiyarta, intanet kuwa ba ta tambayar mutum garinsu. Yarinyar da ta yi sakandare ta iya Turanci, abin da 'yar birnin Tokiyo ta karanta ita ma tana iya buɗe shi tana zaune bakin murhu. Kuma ba wannan ne baƙon karatu na fari da ya shiga ɗakunan mata ba. Tun cikin shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka fara yawo a ƙasar Hausa, na Balaraba Ramat Yakubu, da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino wanda ya fito a 1991. 'Yan kasuwa ne suka yi ta ɗauko su ɗauri-ɗauri, sau da yawa a shimfiɗa guda da Ahalari da Ishmawi. Iyaye kuwa suka rabu biyu a kansu. Wasu ba su taɓa tambayar abin da ke ciki ba, wasu suka yanke hukunci ba su buɗe bango ba, har a 2007 gwamnatin Kano ta ƙone wasu littattafai a bainar jama'a da sunan tsare tarbiyyar 'yan makaranta. Takarda tana cin wuta, amma labarin da ke cikin waya ba shi da tokar da za a share. Malamai kuwa sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa ba a hukunta abu sai an suranta shi. Saboda haka ga labarin tukuna.

Sunan littafin da harshensu Hotarubi no Mori e, ma'anarsa kusa da a ce Zuwa Dajin Hasken Maƙesu, watau ƙwaron nan mai ƙyalƙyali da dare a cikin damina. Wata mace ce ta tsara shi ta kuma zana shi da hannunta, sunanta Yuki Midorikawa, mutuniyar lardin Kumamoto a kudancin ƙasar. Ya fara fitowa a 2002 cikin wata mujallar 'yan mata mai suna LaLa DX, ta kamfanin Hakusensha. A 2003 aka haɗa shi da wasu gajerun labaranta uku aka buga littafi guda, sa'an nan a 2011 aka mai da shi majigin zane mai tsawon minti 44. Da Japananci aka yi shi, masu sha'awa suka juya shi zuwa Turanci da wasu harsuna ya bazu. Gajere ne ƙwarai, tsakanin La'asar da Magariba an karance shi har an maimaita.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 6, ana ce da ita Hotaru, shi ne sunan maƙesu da harshensu. Kowace shekara, idan aka yi hutun makaranta na lokacin zafi, akan kai ta ƙauye wurin danginta. Bayan ƙauyen akwai dutse da kurmi, mutanen wurin suna cewa mazaunin iskoki ne. Ran nan ta shiga, hanya ta ɓace mata, ta zauna tana ta kuka. Sai ga wani saurayi mai farin gashi, ya rufe fuskarsa da wani marufi mai siffar fuskar yanyawa. Don murna ta ruga za ta rungume shi, ya goce, ta faɗi ƙasa. Ya gaya mata cewa shi idan ɗan Adam ya taɓa jikinsa zai ɓace, ɓacewar da babu dawowa. Yarinya da ƙuruciya, sai abin ya zame mata wasa, ta sake kai masa hannu, shi kuwa ya ɗauki ɗan icce ya ƙwanƙwashe ta a ka. Da ta natsu sai ya miƙa mata iccen nan, ta riƙe baki ɗaya ya riƙe ɗaya, ya ja ta har bakin daji.

Wanshekare ta komo don godiya, ta tambayi sunansa, ya ce Gin, watau azurfa. Daga nan ta maishe shi al'ada, kullum tana zuwa har hutu ya ƙare, baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka. Halittun dajin suna sonsa, suna fitowa suna yi mata kashedi kada ta kuskura ta taɓa shi. Wata rana ta hau itace, reshe ya karye da ita, ya zabura da hannuwa a miƙe zai tare ta, amma bai tare ta ba, ta faɗa cikin ciyawa. Maimakon ta yi fushi sai ta ce gara da aka yi haka, sa'an nan ta fashe da kuka tana roƙonsa, kome zai same ta kada ya taɓa ta. A nan ne mai karatu zai fara gane cewa wasa ya ƙare.

Shekaru suka yi ta wucewa, ita tana girma, shi kuwa yana nan kusan yadda ta same shi. Mai zanen ba ta tsaya ƙidayar shekaru ba. Kayan makarantar yarinyar ne ke sakewa, kanta kuma yana ta matsowa kusa da kafaɗarsa, har idonta ya kusa daidaita da nasa. Ta ba shi mayafin wuya saboda sanyin hunturu, lokacin da ba ta nan. Ta fara shawarar idan ta gama makaranta ta nemi aiki kusa da ƙauyen, don ta riƙa ganinsa kaka da hunturu da bazara. Sa'an nan ya buɗe mata asirinsa. Ashe shi ba iska ba ne. Jariri ne na 'yan Adam da aka yar a dajin, ya kamata a ce ya mutu tun a lokacin, sai mai dutsen ya ji tausayinsa ya yi masa wani sihiri da ya riƙe shi, amma jikin da sihiri ya riƙe ba ya jure taɓawar mutum.

Ƙarshen labarin a daren wani biki ne da iskokin suke yi suna kwaikwayon bikin mutane, da fitilu da rumfunan ciye-ciye. Ya gayyace ta. Don kada su rabu cikin taro, suka ɗaura farin ƙyalle guda, baki ɗaya a wuyan hannunta, ɗaya a nasa. A kan hanyar komowa ya cire marufin fuskarsa ya ɗora mata, ya sumbaci bayan marufin, ya ce ya ba ta. Wannan shi ne iyakar abin da ke cikin littafin na wannan babi, an faɗe shi ne don uba ya sani. Suna cikin tafiya sai wasu yara suka wuce da gudu, ɗaya ya yi tuntuɓe, Gin ya cafke hannunsa kada ya faɗi. Ashe ɗan mutane ne da ya saje cikin bikin. Sai yatsun Gin suka fara watsewa suna zama haske. Da ya ga abin da ake gudu ya riga ya auku, ya buɗe hannuwa ya kira ta, ta rungume shi sau ɗaya tak, ya narke, aka bar ta da rigarsa a hannu. Ta ɗauki marufin ta fita daga dajin, ta ci gaba da rayuwarta.

To, gaskiya ko ta wanene a ba shi. Matar nan gwana ce. Ta ɗauki hani guda ɗaya ta gina labari duka a kansa, kamar yadda magini ke kafa ɗaki a kan ginshiƙi ɗaya. Iccen nan da suka riƙe baki da baki, da ƙyallen da ya gaje shi a daren biki, su ne littafin. Wanda ya karanci balaga ya san kinaya ta fi bayyanawa kaifi, kuma ga misalinta a zane: ba a ce suna son juna ba, an dai nuna tazarar kamu ɗaya tsakanin hannu da hannu, an bar mai kallo ya auna nauyinta. Tun da fuskar saurayin a rufe take, tilas ido ya koma ga hannuwansa da yadda ya karkata kai, nan ake karanta abin da ke zuciyarsa. Akwai gidaje da yawa da babu kalma ko ɗaya a cikinsu, sai ganye da inuwa da yarinya tsaye. A cikin majigin akwai wurin da wani ɗan ajinsu ya miƙa mata hannu a kan hanya mai santsin ƙanƙara, ta riƙe, sai hankalinta ya tafi ga wanda hannunsa ba ya riƙuwa. Wanda ya saba da wasu littattafan soyayya na kasuwa, inda akan cinye shafi goma wajen siffanta mota da akwatunan lefe da sarƙar zinariya, zai yi mamakin labarin da babu abin da ya shiga tsakanin masoya na dukiya sai mayafin wuya da tsohon marufi.

Kada kuma wani ya ce zancen bege baƙo ne a zauren malamai. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai har ya kai ga lugga, ya karanci waƙoƙin Jahiliyya, ya ga yadda mawaƙi ke tsayawa a kufai yana tuna wadda ta ƙaura. Ƙasidar Ka'abu ɗan Zuhairu, wadda ya rera a gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da zancen rabuwa da masoyiya ta buɗe. Larabawa suna da labarun Banu Uzra, mutanen da suka shahara da so mai kamewa. Garin Tambuwal kansa, gidan Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, wanda aka san shi da gwanintar waƙar Larabci. Saboda haka ba a ƙin littafi don kawai an ambaci so a cikinsa. Sai a duba wane irin so ne, kuma a kan wace aƙida aka ɗora shi.

A nan ne aibi na fari yake, kuma shi ne mafi girma. Mai dutsen nan da ya riƙe ran jariri, a addinin gargajiya na Japanawa, wanda ake kira Shinto, abin bauta ne. Suna ganin duwatsu da itatuwa da koguna suna da masu su, suna gina musu ɗakunan tsafi, kuma a bakin irin wannan ɗaki ne yarinyar take saduwa da saurayin. Bahaushe bai kamata ya yi ta mamaki ba, domin kuwa kakanninsa sun bi ta nan. Abin da aka faɗa a kan Tsumburbura da dutsen Dala a zamanin Barbushe, da abin da aka riƙa yi a dutsen Kwatarkwashi, da birnin Jangare na 'yan bori, duk dangin juna ne da wannan. Jihadin Shehu Usmanu na 1804, yaƙi da irin wannan gauraye yana cikin manyan dalilansa. Musulmi ya san rai da ajali a hannun Allah suke shi kaɗai, babu dutse ko iska da ke jinkirta su ko da ƙiftawar ido. Yarinyar da ta karanci tauhidinta za ta wuce wannan wuri kamar yadda take wuce Gizo da Ƙoƙi, ta san ƙaga ce. Wadda ba a karantar ba kuwa, laifin ba na Midorikawa ba ne.

Sai mas'alar aljanu, wadda ita ce za ta fara zuwa zuciyar mai karatu na ƙasar nan, ko da yake Gin ba aljani ba ne a ma'aunin shari'a, ba kuwa fatalwa ba. Aljanu halitta ce tabbatacciya, an yi su daga wuta, an kallafa musu bauta, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, sura guda ta Alƙur'ani da sunansu take. Malamai sun yi magana a kan aure tsakaninsu da mutane. Badruddini Shibli, wanda ya rasu a shekara ta 769 ta Hijira, ya ware wa mas'alar babi a cikin Akamul Marjan, littafin da Suyuɗi ya taƙaita daga baya. A can aka ruwaito cewa mutanen Yaman sun aika wa Imamu Malik tambaya a kan aljanin da ya zo neman auren wata yarinya yana cewa halal yake so. Amsar da aka jingina masa ita ce bai ga hani a addini ba, amma ya ƙi abin, don gudun kada mace ta yi ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Wasu malamai kuwa sun hana gaba ɗaya, suna kafa hujja da cewa daga jinsin mutum aka halitta masa abokin zama. Abin lura a amsar Malik shi ne bai tsaya jayayya a kan gaibu ba, ya dubi abin da zancen zai haifar a cikin gari.

Hikayoyin da aka gada sun sha bamban da na Japan ɗin nan. A cikin Alfu Laila, wanda Hausawa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya, akwai Saiful Muluki ɗan sarkin Masar, wanda ya ga surar aljana Badi'atul Jamali a jikin wata riga, so ya kwantar da shi, ya bar gida ya sha wuyar teku da tsibirai har ya aure ta. (Ashe kamuwa da son zane ba yau aka fara ba.) Wannan labarin maza ne, namiji ke nema, kuma shi ke samu. Wanda tsofaffi mata suke ba 'yan mata a tsakar gida kuwa na gargaɗi ne: yarinyar da ta raina samarin garinsu, ta ce sai wanda ba shi da tabo, baƙo kyakkyawa ya zo ta bi shi, sai a tsakiyar daji ya koma dodo ko maciji. Littafin Hotaru ya juya wannan tatsuniya ne ciki waje. Baƙon daji shi ne mai amana, shi ne mai kamewa, kuma shi ke halaka idan aka taɓa, ba ita ba.

Wannan juyi shi ne daɗin littafin, shi ne kuma wurin da ya kamata uwa ta buɗe ido. A ƙasar Hausa zancen masoyi daga gaibu ba nishaɗi ba ne kawai. Mace nawa aka ce da ita tana da namijin dare don aurenta ya yi jinkiri ko ya mutu, aka yi ta yawo da ita gidajen masu magani, dukiya ta ƙare? Waɗanda suka manyanta suna tune da abin da ya auku a makarantun 'yan mata na Kano wajen 1995 da 1996, sa'ad da 'yan makaranta suka yi ta faɗuwa, kaset-kaset na ruƙiyya suka cika kasuwa, sunan Sumbuka ya shiga bakin kowa. Yarinya mai lafiyar zuciya za ta karanta Hotaru ta yi ƙwalla ta tashi ta ɗora tukunya. Amma wadda dama take fama da waswasi da kaɗaici da munanan mafarkai, ba a ƙara mata da labarin da ke ƙawata zama da wanda ba na duniyar mutane ba.

Akwai kuma maganar daji. A Japan kurmi wurin shan iska ne, shi ya sa mai zanen ta bar yarinya 'yar shekara 6 tana shiga ita kaɗai kowace rana, tana kaɗaita da wanda ba muharraminta ba, babu babban da ya bi sawunta. Halwa dai sunanta halwa ko da an ɗaure hannun namiji. Mutumin Kebbe kuwa ba ya bukatar a fassara masa abin da daji ya zama a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Sakkwato da Kabi. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe aka shiga da su daji, a watan Yuni na shekarar aka yi irin haka a Birnin Yawuri. Waɗanda suka rufe fuska a wancan dajin ba su miƙa wa kowa icce don su nuna masa hanyar gida ba.

Wani saurayin mai rufaffiyar fuska ya fi kusa ma, yana cikin wayar da ake karanta labarin. Ana jin muryarsa, ana ganin rubutunsa a WhatsApp ko Facebook, ba a san gidansu ba, ba a san ubansa ba, hoton da ya ɗora ma wataƙila na wani ne. Ba ya tsufa, ba ya fushi, ba a taɓa ganinsa da gumin gona ko bashin kasuwa ba. Nan ne aibin littafin na biyu ya haɗu da zamani. Son da ke tsakanin Hotaru da Gin ba shi da gida. Babu waliyyi, babu sadaki, babu surukai, babu cefane, babu jinyar yaro da tsakar dare. An yanke shi tun yana fure, shi ya sa ba a ga ya yi yaushi ba. Budurwar da ta auna ɗan baffanta mai sayar da albasa da wannan ma'auni, za ta same shi da nauyin ƙasa, alhali kuwa shi ne zai iya kai ta asibiti. Sai dai a yi wa mai littafin adalci, ita ma ba ta ce a zauna a dajin ba. Ta fitar da yarinyar, ta mai da ita cikin mutane, ba ta sa ta kashe kanta ko ta haukace ba, kamar yadda wasu masu hikaya suke yi don su matso hawaye.

Saura hukuncin surar kanta, tun da littafin duk zane ne. Abin da ya shahara a mazhabar Malik, kamar yadda masu sharhin Muhtasar suka kawo a babin walima, shi ne surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, kamar gunki. Wadda ba ta da inuwa, irin ta takarda ko bango, ba ta kai haram ba, tana tsakanin karhanci da barin abin da ya fi. Wasu malamai na wasu mazhabobi sun tsananta fiye da haka, kuma wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa. Amma a san cewa ba duk manga ne Hotaru ba. A cikin wannan haja akwai mai tsabta, akwai kuma wadda ko kallon bangonta bai halatta ba, kuma a kasuwa guda ake baje su. Wanda ya ji an yaba wannan ɗaya kada ya ɗauka an yaba rumfar duka.

Abin da ya bayyana dai, wannan ɗan littafi ya fi yawancin abin da ake tsoro kunya, ya kuma fi yawancin abin da ake sayarwa gwaninta. Budurwar da ta san Ubangijinta, aka kuma yi sa'a uwarta ko yayarta ta san abin da take karantawa har suna iya taɗi a kansa, ba a ga abin da zai cuce ta a ciki ba. Ƙaramar yarinya kuwa, da wadda ke fama da waswasi, a jinkirta musu.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga tambayar me mata za su karanta. Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta ga bori ya riƙe zukatan matan ƙauye, ba ta tsaya ga hani kaɗai ba. Ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta naɗa jajis ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye, su ne 'Yan Taru. Ta ba mata abin da ya fi abin da ta karɓe daɗin ji. Masu zayyanar allo da masu rubuta Alƙur'ani da hannu suna nan har yau, alƙalaminsu ya san layi da da'ira, tatsuniyoyi da ƙissoshi kuma ba su ƙare ba. Sa'ad da aka fara buga manga a Amurka, sai da aka riƙa juya kowane shafi kamar a madubi don ya bi hanyar Turanci, har na-dama ya koma bahago, sai wajen 2002 aka yawaita barinsu yadda suke. Mai rubuta ajami ba ya bukatar juya kome, daga inda Bajapane ya fara shafinsa daga nan shi ma yake farawa.